Verna da Kwalayen Takardun Bindiga

Verna Solberg matar yayana ce. Shekara talatin da takwas ta yi a bayan kantar shago ɗaya a garinmu Corbin Wells, kuma duk wanda ya taɓa sayen ƙusa ko wayar shinge ko gishirin shanu a kwarin nan ya san muryarta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tabarau kullum rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Ni sunana Marlys. Motar 'yan makaranta na tuƙa har na yi ritaya, gidana kuma yana kallon shagon, don haka kaɗan ne ya faru a can ban gani ba.

Mahaifinta makiyayin tumaki ne, cikin waɗanda suka ƙetaro teku suka zo yammacin Amurka ba su da komai sai sanda da kare. Duk lokacin zafi a kan duwatsu take yinsa tare da shi. Tana da shekara tara ya ɗora mata bindiga a kafaɗa, saboda diloli masu ɗauke 'yan raguna. Tun daga nan bindiga a wurinta kayan aiki ce kamar gatari: a goge ta, a sa mata mai, a kulle ta inda yaro ba zai kai ba.

Yayana Lyle ne ya buɗe shagon shekara goma bayan sun yi aure. Ya nemi lasisin sayar da bindiga don wuri mafi kusa da ake sayarwa tafiyar awa biyu ne a mota. Shi gwanin hira ne, ita gwanar takarda. Duk wanda ya sayi bindiga a shago sai ya cike fom ɗin gwamnatin tarayya, sunansa da inda yake zaune da lambar da ke jikin bindigar. Fom ɗin ba ya zuwa ko'ina, a shago yake zama, sai dai in 'yan sanda sun zo neman wata bindiga guda da aka yi ɓarna da ita. Verna ce ke jera su cikin kwalaye a ɗakin baya, kowace shekara da nata. Wata safiya Lyle yana sauke buhunan abincin kaji zuciyarsa ta tsaya. Kwana huɗu bayan jana'iza Verna ta buɗe shago, daga baya ta mayar da lasisin da sunanta.

A da, in kana son sayar wa maƙwabcinka bindigarka, sai ku tsaya a bayan a-kori-kura, ya juya ta ya duba, ku tafa hannu, shi ke nan. Ba takarda, ba shaida. Sai aka yi ta harbe-harbe a manyan biranen da ke bayan duwatsu, majalisar jiharmu ta kafa doka: in ba ɗan'uwanka na jini ba ne, dole mai saye da mai sayarwa su je wurin mai lasisi, a aika sunan mai saye a bincika ko doka ta hana shi riƙe makami, a cike fom. A duk kwarinmu mai lasisi ɗaya ce. Dokar da aka rubuta a babban birni sai ta sauka a kan kantar Verna.

Wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya shi ne Hoyt Kimbrel, mai garken shanu mafi girma a kwarin, abokin Lyle tun ƙuruciya. Kowace safiya yana kan kujerar da ke kusa da murhun shagon yana shan gahawar da Verna ke dafa wa duk wanda ya shigo.

"Yau rubuta suna, gobe ƙwanƙwasa ƙofa," in ji shi. "Ke 'yar makiyayi ce, Verna, kin fi ni sani. Ba a ƙirga tumaki don a gaishe su."

"Babana kullum yamma sai ya ƙirga nasa, don ya san ko dila ya yi masa ɓarna."

"Sannan kaka ta yi ya kai su mahauta."

"Ni dai ba ni na rubuta dokar ba, Hoyt. In na ƙi yi, awa biyu za ku tuƙa ku je gaban wanda bai san ubanku ba."

"Da Lyle na da rai da bai sa hannunsa a wannan aikin ba."

Verna ta cire tabarau ta dube shi. "Da Lyle na da rai da yana nan kusa da kai yana zuba, ni kuma ina cike fom ɗin. Haka aka yi shekara ashirin da biyar."

Hoyt ya ɗauki hularsa ya fita. Sati uku ya ƙaurace, yana shan gahawarsa a gidan mai. Ranar da ya dawo ya kurɓi ta Verna, sannan ya ce ta can ruwan wanke-wanke ce. Shi nasa fushin mai sauƙi ne. Akwai waɗanda suka riƙa kiranta 'yar rahoton gwamnati, akwai matan da suka daina zama a layinta a coci. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na lura ta daina tsayawa gaisawa bayan an tashi. Da yawa kuma sun ci gaba da cinikinsu a bayan mota kamar ba a yi doka ba. Ta sani, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce ita mai shago ce, ba 'yar sanda ba.

A kaka ta biyu da kafa dokar, wata gwauruwa maƙwabciyar Hoyt ta so sayar masa da bindigar farautar marigayi mijinta. Tsohuwa ce mai tsoron hukuma, ta ce ita sai a shagon Verna. Hoyt ya zo yana huci, ya cike fom da rubutu kamar kaza ta yi tono. Verna ta aika sunan. Amsa ta dawo cewa a dakata.

"A dakata da me?"

"Ba sa faɗa. Wani lokaci awa ɗaya ne, wani lokaci kwanaki."

Saura kwana uku a buɗe farautar barewa. Bindigar ta zauna a kulle a shago, Verna tana buga waya safe da yamma. Sai a kwana na tara aka gano cewa akwai wani Hoyt Kimbrel a wata jiha mai nisa, ɓarawon motoci, wanda shekarunsu suka zo kusa. Satin farko na farauta ya kusa ƙarewa.

"Ashe ku biyu ne," in ji Verna tana miƙa masa bindigar. "Na ɗauka da Allah ya yi ka ya ga ya isa haka."

Duk shagon aka yi dariya, har da shi. Amma da dariyar ta lafa ya ce, "Kin dai gani. Ban taɓa satar ko allura ba, amma sai da na jira wani yaro a ofis ya yarda ni ne ni."

"Na gani," ta ce. "Ba a kyauta maka ba." Kuma da gaske take. Ta rubuta wa wakilinmu a majalisa wasiƙa mai shafi biyu a kan wannan, ni na kai mata gidan waya.

Shekara ta zagayo, Hoyt ya ɗauki sabon ma'aikaci, wani mutum mai suna Darrin, ɗan shekara arba'in da wani abu. Gwanin dawaki ne, mai ladabi, ba ya wuce mace bai taɓa hularsa ba. Wata shida yana aiki ya ce yana son ƙaramar bindiga saboda macizai a bakin rafi, Hoyt ya ce zai sayar masa da tasa. Da a bayan mota za su ƙare, sai matar Hoyt ta ce ita a shekarunta ba za ta riƙa kai wa miji abinci gidan yari ba. Suka zo shago da hantsi. Ina nan, na shigo sayen irin wake.

Verna ta aika sunan. Ba a yi minti biyar ba amsa ta dawo. Ta karanta ta a fuskar kwamfutar shagon, sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa don kada na bakin ƙofa su ji, "Darrin, sun ƙi."

Hoyt ya yi tsaki. "Wani mai sunansa ne kuma."

"Wannan ba dakatarwa ba ce. Ƙi ne. In kuskure ne akwai takardar ɗaukaka ƙara, zan taya ka cikewa yanzu."

Darrin bai karɓi takardar ba. Ya dubi bindigar da ke kan kanta, ya dubi Verna. Ban san yadda zan kwatanta kallon ba, sai dai na tuna na matsa baya har na bugi jerin shebur. Ya ce ba komai, ya gode. Kwana biyu bayan nan ya kwashe kayansa ya bar gonar ko sallama babu.

Sai daga baya labari ya iso, ta bakin wani mai jigilar shanu. Darrin yana da mata a wani gari kamar mil sittin daga nan. Ya taɓa karya mata hannu, kotu ta hana shi zuwa kusa da ita, ta kuma hana shi riƙe bindiga. Ko da gaske macizai ne a ransa, ko wani abu ne, babu wanda ya sani, kuma ba zan ɗora wa mutum abin da bai aikata ba.

Labarin ya iske Hoyt a bakin murhu. Ran nan ya ce, "Da na zaunar da shi na tambaye shi da kyau, da na gano da kaina."

"Wata shida yana cin abinci a teburinka," in ji Verna, tana auna ƙusa ba ta ɗago ba.

Bai canza ra'ayi ba. Har gobe in ka taɓo zancen zai ce maka mugu ba ya bin layi, mutanen kirki kaɗai doka ke wahalarwa. Amma ranar Lahadi mai zuwa shi da matarsa suka zo suka zauna a layin Verna a coci, sauran kuma a hankali suka dawo.

Tana da shekara saba'in da ɗaya gwiwoyinta suka ƙi. Likita ya ce ko ta bar tsayuwar yini ko ta koma keken guragu. Ta rubuta a kwali ta manna a ƙofa cewa za ta rufe shago ƙarshen shekara. Kwana biyu mutane na yi mata fatan alheri, sai wani ya tuna abin da dokar tarayya ta ce: mai lasisi in ya rufe babu wanda ya gaje shi, duk takardunsa sai a tattara a aika wa gwamnati. Kwali talatin da takwas ne a ɗakin baya. Sunan kusan kowane magidanci a kwarin yana ciki, rayayye da matacce, da abin da ya saya da ranar da ya saya.

Ranar Asabar da safe sai ga Hoyt da mutum huɗu, kowa hula a hannu. Biyu daga cikinsu suna cikin masu kiranta 'yar rahoto a da. Suka tsaya suna duban tiyo da fatanya kamar sayayya ta kawo su.

Hoyt ya gyara murya. "Verna, ginin nan ya tsufa."

"Ya tsufa."

"Wayoyin wutarsa ma tun na Lyle ne. Ga ɓeraye. Ga rufin ɗakin baya, na ga kamar yana yoyo."

"Bara na sake rufin. Kai ka ba ni aron tsani."

"Ina dai cewa ne, abubuwa na faruwa."

"Hoyt, shekara talatin da takwas ban yi ƙarya a takarda ba. Ba zan fara da tsufana ba don kai da waɗannan ku yi barci mai daɗi. Hanya ɗaya ce. Wani ya nemi lasisi ya karɓi shagon, kwalayen su zauna inda suke. Wa zai karɓa a cikinku?"

Kowa ya dubi takalminsa. Shago ba ya kawo abin kirki, kowa ya sani, 'ya'yansu kuma duk sun tafi birni.

Verna tana da 'ya guda, Renae, ma'aikaciyar jinya. Shekara ashirin ta yi a sashen gaggawa na wani asibiti a bayan duwatsu, ta ga abin da harsashi ke yi wa jikin mutum fiye da duk mafarautan garinmu in an haɗa su. Lokacin da ake muhawarar dokar har majalisa ta je riƙe da allo tana goyon baya, aka ɗauki hotonta, hoton ya zagaya garinmu. Tun daga nan in ta zo gida ba a tada zancen.

Ta zo bikin godiya na ƙarshen kaka. Ranar da ta iso ta shiga ɗakin baya neman fitila, ta yi kusan awa ba ta fito ba. Na leƙa na tarar ta buɗe kwalin farko tana duba sa hannun babanta. Washegari muna kicin mu uku muna ferar dankali, sai ta ce, "Mama, zan karɓi shagon."

Verna ta ajiye wuƙa. "Ke?"

"Yara sun girma. Na gaji da asibiti. Ina son in farka in ga dutse ta taga."

"Kin san me mutanen nan ke so. So suke takardun su zauna a nan kada gwamnati ta gan su. Ke kuma kin fi son ta gani."

"Har yanzu haka nake so. Da ni ke da iko, kowace bindiga sai ta yi rajista kamar mota, a san hannun da ta bi tun daga masana'anta. Amma ba haka dokar take ba. Doka ta ce su zauna a shago, za su zauna, ba wanda zai leƙa su sai da hujja. Ranar da doka ta ce a aika, da hannuna zan ɗaure su in aika. Ki faɗa wa Baba Hoyt haka, kada ya ce na yaudare shi." Ta juyo ta dubi Verna. "Ke fa, Mama? Ban taɓa jin naki ra'ayin ba."

Verna ta ɗauki wani dankalin tana juyawa. "Ba na son wani da ke zaune nesa, wanda ban zaɓa ba kuma ban san wa zai gaje shi ba, ya san abin da ke bayan ƙofata. Babana ƙasar da ya baro an yi haka, ya ba ni labari. Amma kuma ni na tsaya gaban Darrin. Na yi ta ƙoƙarin haɗa biyun wuri ɗaya, sun ƙi, na haƙura. Miƙo min gishiri."

Da Hoyt ya ji, ya zo shago ya tarar da Renae tana jera gwangwanayen fenti. Ya tsaya yana kallonta.

"Wato kura za a ba ajiyar nama."

"Baba Hoyt, kurar ce kaɗai ta nemi aikin."

Ta maimaita masa abin da ta faɗa wa mahaifiyarta, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce aƙalla ta faɗa masa a fuska, wanda ya fi abin da 'yan majalisa ke yi. Sai ta lura da jan fuskarsa da yadda yake haki, ta sa shi zama, ta ɗauko abin awon hawan jini daga motarta. Ya yi gardama, ta ɗaura masa. Abin da ta gani ya sa ta kira matarsa a take, ranar Litinin aka kai shi wurin likita. Yanzu yana shan ƙwaya kullum safe, kuma kofi ɗaya kawai ake zuba masa a shagon, yana sha yana cewa ga irin mulkin da ya daɗe yana gargaɗi a kai.

Lasisin Renae bai fito ba sai bayan wata huɗu, don haka Verna ta ƙara hunturu guda a bayan kanta, a zaune kan doguwar kujera, tana koya wa 'yarta bambancin harsasai da sunayen karnukan mutane. Ranar da aka miƙa, suka shiga ɗakin baya su biyu suka bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, Renae ta sa hannu ta karɓa. Ba a yi wani biki ba. Matar Hoyt ta kawo kek ɗin tuffa, aka ci a tsaye.

Muhawarar tana nan. Kusan kowace shekara sai wani ya kawo sabon ƙuduri a majalisa, Renae ta rubuta wasiƙar goyon baya, Hoyt ya rubuta ta adawa, wani lokaci mota ɗaya ke kai su gidan waya. Mutane na zuwa da bindigoginsu, Renae ta aika suna, yawanci kafin gahawa ta huce amsa ta dawo. Ba ta yi wa kowa wa'azi. Abu ɗaya ta ƙara, ba ta barin mai ƙananan yara ya fita sai ta tura masa ɗan kwaɗon kulle bindiga a aljihu.

Sati biyu bayan ta bar shago, Verna ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta ce ko zan tuƙa ta zuwa teku. Ashe ba ta taɓa ganinsa ba, ita da ubanta ya ƙetaro shi. Muka yi tafiyar yini guda, muka haye duwatsu, muka ratsa birni tana riƙe da ƙofar mota saboda yawan ababen hawa. Muka isa da la'asar. Ta cire takalmi ta dogara sanda har ruwa ya taɓa mata idon sawu, ta ce ya fi rafinmu sanyi. Kwana biyar muka yi muna cin soyayyen kifi muna kallon jiragen masunta. Sau ɗaya ta kira shago, don ta tuna ba ta faɗa wa Renae cewa ƙofar ɗakin baya sai an ɗan ɗaga ta take kulluwa ba. Renae ta ce ta riga ta sa an gyara.

Yanzu tana gida, tana noman tumatir da wake a bayan ɗaki, a kan gadajen katako da aka ɗaga mata don kada ta sunkuya. Ranar Talata da Juma'a takan tsallaka shago ta zauna bakin murhu. Kujerarta tana kusa da ta Hoyt. In shi da Renae suka fara, takan saurara kaɗan, sannan ta juyo wurina mu ci gaba da zancen ko za a samu ruwan sama kafin a yanka ciyawa.